Ba Ni Na Ƙi Ɗauka Ba, Sabi'u

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya a can Aljeriya, ko ma ina ka koma yanzu.

Ka san ban yi lakol ba, ban iya rubutu ba. Ina faɗa ne, Ilu mai gyara yana bugawa a shafinsa, ko wani da ya san ka zai gani ya kai maka. Na gargaɗe shi kada ya gyara mini magana.

Ina nan da fushina a kan san noman da ka sayar ka yi kuɗin mota. Wannan daban. Amma kiran da ka yi ta yi ba a ɗauka ba, ba ni na ƙi ba. Tun da ka bar kira na kasa zama wuri guda. In je gona, in dawo, in koma.

Ka tuna tsohuwar kwamfutar da ka bar mini, tunda gilashin waya ba ya jin yatsuna. Fuskarta toka-toka, alamu manya ƙwaya uku, ɗan abin rezo mai kamo intanet soke a gefe. Ranar da ka shirya ta a zaure ka ce, "Baba, tsohuwa ce, na sauke mata kaya." Haka kuwa. In ka kira, dannawa ɗaya sai ga ka.

To Lawali ɗan baffanka, wanda tun da ya samu kujera a buro, ya zama ɗan ofis, yake gaishe ni a tsaye, shi ya ce fuskarta ta tsufa, abin kunya ce. Ina gona ya ɗauke ta a bayan moto, babur ɗin nan nasa, zuwa Gazawa. Ta dawo da kwalliya: ruwa na zuba daga dutse, tagogi na lilo, alamu ƙanana kamar ƙwayar gero. Kafin ta farka sai in yi alwala in yi salla. Batirin da panon rana, faifan nan mai tara wuta, ya wuni yana cikawa, washegari kafin la'asar ta shanye shi.

Sai ka kira. Ina jin kukan, ina ganin hotonka, ina tura kibiyar, ta kafe. Na danna, na buga, na zage ta. Lokacin da ta motsa ka tafi. Haka aka yi ta yi. Ni kuma ba ni da lambarka, kullum da ta wani kake kira. Na san irin zuciyarka, tawa ce. Cewa za ka yi tsoho ya yafe ka.

Ranar kasuwar Gangara na naɗe ta a bargo na kai wa Ilu. Ya ce lafiyarta lau, cikinta ne ƙarami, kwalliyar ke cinye ƙarfin. Ya nuna mini fuskoki marasa nauyi in zaɓa.

Ta farko mai alamar ɓera ce. Wai ita mutane suka fi so. Na ce shekara nawa ina yaƙi da ɓera a rumbu, ba zan kai shi ɗakin kwanana da hannuna ba. Mutanen rumfar suka yi ta dariya. Su yi.

Ta biyu mai tsuntsu, ta fi sauƙi, ta yi kama da taka. Na so ta. Amma na tambaya ko akwai wadda ta fi ta gudu. Ya ce akwai, sai dai ba ta da komai: ba hoto, ba agogo, ba layin ƙasa, baƙin fili kawai da tagar da ka buɗe. Wai masana ne ke amfani da ita, ba irina ba. Na ce ita zai sa. Ya ja, na ja. Na ce ya shirya ta yadda da an kunna, tagar kira za ta buɗe da kanta, ba na son sauran. Hotunan bikin ƙanwarka da karatun da nake saurare, yanzu ban san hanyarsu ba. Na haƙura.

Muka gwada. Ilu ya koma bayan rumfa ya kira da wayarsa. Kuka ɗaya, na danna, ta buɗe nan take. Sai ga fuskar Ilu ta cika gilashin, yana washe baki. Na daɗe ina kallonsa, ɗana.

Tana nan a kan tabarma, a kunne. Ka kira, ko faɗa ne mu yi.

Allah ya tsare ka, ya ba ka halali, ya sa kada ƙasar mutane ta riƙe ka. Allah ya sa in ga idonka kafin nawa su rufe. Amin.

Mahaifinka,
Tanko na Gangara