Kalangun Baba a Elm Street

Greensboro, 9 ga Oktoba, 2006

Yaya Rumasa'u,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Inna, yaya yara? Allah ya ƙara mata sauƙi. Ni lafiya lau, sai ɗan ciwon baya saboda ɗaukar kwalaye a sito, amma kada ki gaya mata.

Tun Asabar na kasa zama wuri ɗaya. An yi bikin kiɗa a wani titi na garin nan, Elm Street, irin wanda babu kai babu gindi: wani na goga cokali a jikin gogen Turawa, wani na busa ƙahon kiɗan Turawa na jaz kamar ana yanka akuya. Abokin aikina Curtis, wanda ya taɓa ganin kalangun marigayi Baba a ɗakina, ya sa na taho da shi, ya ja ni dandamali. Ya ce babu doka, in kaɗa abin da na ga dama.

Yaya, hannuna bai nemi shawarata ba. Taken Baba ne ya fito, wanda yake shigowa gida da shi bayan wasan mahauta. Da na kai inda Inna ke tarbarsa da guɗa, na dakata ina jira. Tsit. Mutane sun lumshe ido, sun ɗauka shirun ma kiɗa ne. Har yaba min shi aka yi daga baya.

Sun ce in dawo baɗi. Ban amsa ba, don ba zan iya sake tsayawa cikin shirun nan ba. Don Allah ki lallaɓi Inna ta rangaɗa guɗa a kaset, ki ba maƙwabcinmu Alhaji Ma'aruf in zai taho nan ƙasar. Ko sau ɗaya ta yi, ya ishe ni.

Ƙaninki,
Surajo