Sunaye Arba'in a Zagaye

Zuwa ga 'yata Otane,

Gaisuwa mai yawa gare ki da mijinki Kichizo. Ɗa namiji! Da saƙo ya iso, na fita ba takalmi ina faɗa wa kowa, har kaji. Ki duba da kyau, wannan hannuna ne. Shekara uku ina zuwa haikali koyon rubutu bayan an tashi daga gona, abokaina suna cewa, "Sakubei, da furfurarka za ka je ka ƙwace wa yara tawada?" Yau ga amfaninta.

Nan Hibara sanyi ya kashe shinkafa, amma fada ta ce kasonta ba zai ragu ba. Mun fara cin saiwa. Mun kai kuka a takarda, sunaye arba'in a zagaye kamar bakin lema, don kada a gane na farko a ce shi ne shugaba. Ni na rubuta wa kowa, suka dangwala yatsa. Da kin ga kyansa!

Ki shafa min kan jikana.
Babanki, Sakubei

Baba,

Ina gaishe ka. An manna takardarku a ƙofar ganuwa, ana neman mai rubutun. Lema ta ɓoye na farko, Baba, amma hannu ɗaya ne ya zagaye ta. Kichizo don murna ya nuna wasiƙarka ga duk wanda ya shigo marinarsa, yana cewa, "Ku ga surukina, malami!" Cikinsu har da magatakardan fada. Ya daɗe yana kallonta, kuma bai mayar ba. Kichizo ya kwana biyu bai ci abinci ba.

Ka haye dutse wurin Gwaggo tun kafin su iso. Ina roƙonka.

'Yarka, Otane

Otane,

Ina gaishe ku. Ki ce wa wannan sakaran ya ci abinci, ni ma da na nuna. Ba zan gudu ba. An yi shela cewa in ba a samu mai rubutun ba, za a ɗauki mutum ɗaya daga kowane gida biyar. Na san su duka, ni na rubuta sunayensu.

Ga sunan yaron a ciki, Senta. Sau tara na gwada, wannan ya fi kyau. Ki ajiye masa.

Babanki

Zuwa ga Otane, daga Ryonen, malamin haikalin Hibara,

Bayan gaisuwa. Masu takobi sun zo jiya da hantsi. Suka shimfiɗa takarda a gaban mahaifinki, suka ce ya rubuta sunansa. Na yi masa ido ya ɓata rubutun. Ya dube ni ya ce, "Malam, haka ka koya min?" Ya gyara zama, ya rubuta. Ban taɓa ganin hannunsa ya yi kyau haka ba.

Shi kaɗai suka tafi da shi. Gobe za su shigo birni ta gadar gabas. In za ki tsaya a bakin hanya, ki ɗaga yaron sama.

Ki huta lafiya.