Hannuwan Babanmu

Santiago, watan Maris

Yaya Anselmo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Yudelka da yara.

Maganar Baba ce. Ka san yadda hawan jininsa ya ƙi jin magani, ga ciwon kai, ga minsharin da maƙwabta ke tsokanarsa da shi. To, an haɗa mu da wata likita, Dakta Almonte. Ta riƙe hannunsa ta daɗe tana kallo, sannan ta ce in kawo tsohon hotonsa. Yaya, da na kara hoton da fuskarsa sai na ga yadda ta canja. Haɓa ta fito, hanci ya buɗe, haƙora sun rarrabu. Mu da ke ganinsa kullum ba mu lura ba, muna cewa kwaɓin burodi ne ya buɗa masa hannu.

Bayan gwaji ta ce wani ɗan ƙari ne a ƙasan ƙwaƙwalwarsa yake sa sinadarin girma ya yi yawa, shi kuma ya sa ƙoda tana riƙe gishiri da ruwa, jini ya yi ta hawa. Akromegali sunan ciwon. Ta hanci za a cire ƙarin. Ni na fashe da kuka, shi kuwa cewa ya yi, "Likita, ai ƙofar ta isa, shigo kawai."

Ka sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Casilda

Santiago, watan Agusta

Yaya Anselmo,

Ina gaisuwa. Ya Yudelka da yara?

An yi aikin lafiya, har Baba ya koma bakin tandar burodi a shagonsa. Jinin ya sauka, kumburin hannu da fuska ya ragu, sai dai ƙashi ba zai koma yadda yake a da ba. Kifin gishirin da yake mutuwar so ma ya bari, ko tsaki bai yi ba.

Kwanaki wata mata, Altagracia, ta zo sayen burodi. Ya dubi hannunta da fuskarta, ya tambaye ta ko tana da hawan jini, ko takalmanta sun matse ta. Ta fusata: "Ji mai magana! Ka dubi madubi kuwa?" Ya cire hula ya ce, "Na duba, 'yar'uwa, shi ya sa nake tambaya." Ta fita ko burodin ba ta ɗauka ba.

Jiya sai ga ta da mijinta. Ashe ta je asibiti, irin ciwon Baba ne, har an sa ranar aiki. Ta kira Baba da sunansa na girmamawa, ta ce, "Don Nicanor, da zafi?" Baba ya jawo mata kujera ya ce, "Da zafi. Amma ranar aikin, rufe shago zan yi in raka ki."

Yaya, da ka gan shi a lokacin. Yana gaishe ka ƙwarai.

Ƙanwarka,
Casilda