Kafin Su Buɗe Ƙirjina

Zuwa ga Halimatussa'adiya, inuwar mangwaron garin Azuba, ruwan randa a tsakar rana, hasken da na hure da bakina,

Kin san ni. Da buhu ɗaya na shanshera, shinkafar da ba a casa ba, a ka na shigo Lafiya, ba ni da uwa a gindin murhu. Na kafa injin casar shinkafa biyu, na gina gida, na haƙa burtsatse, ban taɓa cewa wani ya kama mini ba. Yau ga ni kwance a asibiti a Abuja, daga gado zuwa ƙofa sai na huta.

Likita ya ce aiki biyu za su yi a yanka ɗaya. Za su sauya ƙofar zuciyar da ta lalace, su ciro jijiya daga ƙafata su yi wa jini sabuwar hanya inda ya toshe. Bai ɓoye mini ba, haɗa biyun ya fi haɗari. Wasu sun tashi sun koma kasuwa, wasu sun tashi da shanyewar ɓarin jiki, wasu ba su tashi ba.

Wayyo Sa'adiya, farin watana! Me kika yi mini? Asibiti suka ce a kawo masu ba da jini, kika je injin kika roƙi Terfa da sauran ma'aikatana. Ni kuwa na ga kin kwance mini zani a kasuwa, na furta saki ɗaya. Duk da haka sun cika mota sun zo. Jinin da na sake ki a kansa, shi za a ɗura mini.

Kin tuna ranar da babur ya mutu mana a Shabu cikin ruwan sama? Na kori masu taimako, na tura shi har kan tudu ina haki ina alfahari. A gadon nan na gane dalilin da tafin hannunki ya yi baƙi da taɓo. Shekara nawa kina turawa daga baya, ina cewa ƙarfina ne?

Saura kwana tara iddarki ta cika, aikin kuwa ranar Alhamis ne. Na mayar da ke, na faɗa a gaban liman da ƙanenki Sagiru. Amma saƙo ba zai kawo ƙafarki ba, sai kin ga dama. A takardar amincewa akwai layin makusanci, na bar shi fayau, nas tana ta tambaya. Ban iya roƙo ba, kurciyata, yau nake koyo. Ki zo.

Idan kin zo, ki rubuta sunanki, ki sa su rubuta nawa cikakke kusa da shi, Bubayero Ɗanladi, mijinki. Idan ban farka ba, kada a ce wani mai injin shinkafa ya rasu. A ce mijin Sa'adiya ne.

Naki, ko na tashi ko ban tashi ba,
Bubayero