Burodin da Haiduc Bai Karɓa Ba

Suceava,
Lahadi, farkon Nuwamba.

Zuwa ga ƙanena Dorin,

Gaisuwa mai tarin yawa daga gida, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Sanda da yara. Allah ya ƙara maka ƙarfin aiki, ya tsare ku daga sanyin Kanada. Mu nan sai godiya. Ƙafar mijina Grigore ta yi sauƙi har ya koma tuƙi, 'yata Anca kuma tana jami'a, ba ta tunawa da mu sai abincin da na aika mata ya ƙare. Mama lafiyar jiki ƙalau take. Na ce ta jiki, domin sauran shi ne ya sa na zauna rubuta maka maimakon in kira, tunda kai a waya komai dariya kake mayar da shi.

Maganar Haiduc ce, karen da ka kawo wa Mama bayan rasuwar Baba, kana rantsuwa ba zai yi girma ba, sannan ka hau jirgi ka tafi abinka. To, yanzu ya kai ɗan maraƙi. Kewa kam ya ɗebe mata, ba zan hana ka wannan ba. Saboda shi ta dawo saukowa daga bene, ta dawo zuwa kasuwa, har faɗa da mutane ta dawo yi. Sai dai kare ne da ko ganye ya motsa sai ya yi tsalle. A watan Agusta ya haɗu da Inna Domnica, maƙwabciyar Mama ta hawa na biyu, a matakala, tana ɗauke da kwalaben kokwamba mai tsami. Don murna ya dafa mata ƙirji, ita da kwalaben suka tafi ƙasa. Allah ya taƙaita, targaɗe kawai ta yi a hannu, amma ka san bakinta. Shugaban mazauna benen ya tara mutane, aka yanke cewa ko dai karen ya shiga makarantar horo ya koyi hankali, ko ya bar gidan kafin Kirsimeti.

Mama ta ce ita da furfurarta ba za ta je ta tsaya a fili sa'ar 'yar cikinta tana koya mata yadda ake magana da kare ba. Wa ya rage? Ni mana, kamar kullum.

Duk Asabar da safe muke taruwa a wani fili bayan tsohuwar masana'antar katako, kowa da karensa. Mai koyarwar sunanta Corina, 'yar siririya mai magana ƙasa-ƙasa. Ranar farko Haiduc ya gama kunyata ni. Ya ja ni cikin taɓo, ya naɗe igiyarsa da ta wata mitsitsiyar karya mai sanye da riga, ya sace hular wani mutum daga kan benci. Mai karyar ta ce wai in nemo sirdi in hau shi in huta, mai hular kuma ya ce wai a fara horar da ni tukuna. Na yi dariyar yaƙe, amma a mota sai da na yi hawaye don takaici.

Corina ta ce ba mugunta ce da shi ba, duniya ce kawai duka ta fi ni daɗi a idonsa. Maganinta shi ne a ɗauke kwanonsa gaba ɗaya. Kowace loma daga hannuna za ta fito, kuma sai ya kalle ni tukuna, kada wani mahaluƙi ya ba shi ko ɓawon burodi. Haka na riƙa biyawa gidan Mama kafin in tafi kantin maganin da nake aiki da bayan na tashi, ina ciyar da ƙaton nan loma-loma.

A nan muka samu matsala da Mama. Ka san ta da sadakar Baba. Takan kai burodin sadaka da dafaffiyar alkama coci a sa musu albarka, ta raba a ƙofar maƙabarta, amma gutsuren farko na Haiduc ne, saboda Baba duk shekarun da ya yi a tashar jirgin ƙasa bai taɓa cin abincin rana bai jefa wa karnukan wurin ba. Takan ce wai kare ba ya iya cewa Allah ya karɓa, amma wutsiyarsa tana faɗa. Na roƙe ta ta dakata na ɗan lokaci. Ta ce to, sai na kama ta tana zura masa ta ƙarƙashin tebur. Raina ya ɓaci, na ce mata in so take a kore shi ta ci gaba. Ta tambaye ni wai ni na haife ta ko ita ta haife ni. Duk da haka daga ranar ta daina, kuma ka san Mama in ta daina abu ta daina.

Kuma abin ya yi aiki, Dorin. Karen da ba ya iya tsayawa wuri ɗaya ya koma kwanciya ana gara ƙwallo a gabansa, keke na wucewa, karnuka na gilmawa ta gefen hancinsa. Har tsiran alade ake ajiyewa a ciyawa, ya haɗiye yawu ya kalle ni. Mai karyar nan da ta yi mini maganar sirdi, tata har yanzu haushi take yi wa inuwarta. Na ji daɗi ƙwarai, har alfahari na riƙa yi a wurin aiki.

Jiya aka yi jarrabawar ƙarshe, ta kuma faɗo a kan Asabar ɗin tunawa da matattu. Mama ta zo kai tsaye daga coci da baƙin ɗankwalinta da kwandonta, ta zauna a benci. Shugaban benen ma ya zo gani da idonsa. Haiduc ya wuce komai lafiya. Ashe Corina tana da abin da take rufewa da shi: a kwantar da kare, sannan wanda ya fi so a cikin 'yan kallo ya kira shi, shi kuwa kada ya tashi sai mai riƙe da shi ya sake shi. Kowa haka ta yi masa, ba ta san komai game da gidanmu ba. Da aka zo kanmu ta nuna Mama. Mama ta girgiza kai, mutane suka hau cewa haba Kaka, gwada shi mana, mu ga ƙarshen taurin kansa. Sai ta miƙe, ta buɗe kwandon, ta gutsuro burodin Baba, ta miƙa hannu, ta kira sunansa da muryar nan da take kiranmu da ita muna yara.

Jikinsa duka ya ɗauki ɓari. Ya ɗaga ƙafa ɗaya, yana wani ɗan kuka a maƙogwaro, sannan ya juyo ya kalle ni. Kalma ɗaya zan faɗa ya ruga wurinta. Amma shugaban benen yana tsaye, ya naɗe hannu a ƙirji, in Haiduc ya tashi kafin Corina ta ce an gama kuwa, ya faɗi jarrabawar. Ban faɗi kalmar ba, Haiduc ya mayar da haɓarsa ƙasa. Wuri ya ɗauki tafi, mai hular nan har da fito. Mama na tsaye da hannunta a miƙe, sai da Corina ta ce mata an gama. Ta mayar da gutsuren cikin tsumma ta naɗe shi a hankali.

Sai da muka kusa gida ta ce wai makarantar nan ta iya aiki. Shugaban benen ya riga ya ce kare ya ci gaba da zama a gidan, magana ta wuce. Amma da muka hau sama sai ta tattaro bargonsa da kwanonsa ta sa mini a hannu, ta ce in tafi da shi. Na ce Mama, duk wahalar nan don ya zauna wurinki aka yi ta. Ta ce ta sani, Allah ya yi mini albarka, amma ita ba za ta iya zama ɗaki ɗaya da wanda za ta kira ya nemi izinin wani ba. Na roƙa, na yi fushi, na sake roƙo. Inna Domnica da kanta ta leƙo da hannun nan da har yau take ɗaurewa tana cewa haba Veta, a kan kare za ki yi wa 'yarki haka, amma Mama ta rufe ƙofa.

Na kira Corina, hankalinta ya tashi sosai. Ta ce abu ne mai gyaruwa, Mama ta karɓi ciyarwar, ta zo ajin da kanta, cikin 'yan makonni zai koma kallonta. Na faɗa wa Mama, ta ce ta gode. Yau ba ta je coci ba, Domnica ta ce ko shara ba ta sauko zubarwa ba. Tsoro nake ji, Dorin. Ka tuna yadda ta zauna a kujerar nan ta bakin taga bayan jana'izar Baba, ba na so in sake ganin haka.

Don Allah ka kira ta, kuma ban da wasa. Kada ka taya ta murna. Kai ka kawo mata shi, kai ne kuma ɗan lelen, wataƙila in ka ce ta je ajin nan ta je. Ni yanzu duk abin da na faɗa, muryar da ta hana shi zuwa take ji. Haiduc yana nan wurina, ya kafa hanci a ƙasan ƙofa tun jiya. Na ce ya kwanta, ya kwanta.

Ka gaishe mini da Sanda, ka sumbaci Matei da Ilinca. Grigore yana gaishe ka, Kawu Toader ma ya ce a gaishe ka. Ɗazu na tambayi Mama a waya ko tana da saƙo. Ta ce in gaishe ka, in kuma faɗa maka karenka ya ci jarrabawa.

Yayarka mai ƙaunarka,
Otilia