Hirar Gwaggo da Ubangijinta

Zuwa ga taubashiyata, Nas,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aikin asibiti, ya kuma ƙarin haƙuri? Na kira ki har na gaji ba kya ɗagawa, shi ya sa na ba direba wannan wasiƙar.

Jikin Gwaggo, mahaifiyarki, ya ƙara tsanani. Tun da ɓarin jikinta ya shanye, baki ya tafi. Tana ji, tana gane mutane, amma magana babu. Kin san yadda take hira da Allah da ƙarfi in tana wanke-wanke, har mu ɗauka baƙo ta yi. Yanzu sai ta kama hannuna ta ɗora a leɓenta, ta dubi sama, hawaye na gangara cikin kunnenta. Na gane addu'a irin taku take so. Fastonku ya zo, ya karanta, ya tafi, kukan bai tsaya ba.

Ni karatun allo na sani. Don Allah ki rubuto mini, wane lokaci kuke yi, ina ake fuskanta, akwai wanke hannu da ƙafa? In juya mata gado, in shirya ta, in nemo mai karanta mata. Ina tsoron kuskure a addinin mutane.

Ki huta lafiya.
Yayarki.

Ustaziya,

Na gaishe ki. Wato har gado za ki juya? Bar gadon nan, bayanki ba ƙwari gare shi ba. Ita za ki riƙa juyawa, kada fatarta ta yi gyambo.

Yaya, babu lokaci, babu inda ake fuskanta. Abin da kike jin tana yi a bakin famfo, shi ne addu'ar. Uba take ce Masa. Ta gaya Masa gwiwarta na ciwo, ta kai Masa ƙarata, ta yi Masa dariya. Ba karatu take nema ba. So take wanda ya san hirarsu ya ɗora daga inda ta tsaya, kuma ni ce na tashi ina jin su.

Ni kuwa tun ranar da ɗiyata ta cika a hannuna, a ɗakin da nake ceton 'ya'yan wasu, ni da Shi ba ma magana. Ban ce babu Shi ba. Gaba nake yi da Shi. In na zo ta kama hannuna, me zan ce? Ki yi mata ke, an fi jin taki.

Ƙanwarki.

Zuwa ga Nas,

Gaisuwa da fatan alheri. Da na karanta wasiƙarki istigfari na yi ta yi. Gaba da Allah! Ban san ana kusa da Shi har a iya haka ba. Ba zan yi miki wa'azi ba, ba ni na ɗauki gawar ba.

Na gwada, wallahi. Duk addu'ar neman sauƙi da na haddace na yi mata. Ta matse hannuna, godiya ce, sannan ta juya fuskarta bango. Sunan nan da take kiran Sa da shi, bakina ba zai iya ba, kuma ba zan yaudare ta a kan gadon ciwo ba.

Ta daina karɓar abinci. In na kai cokali sai ta datse haƙora. Likita ya ce mu kira na kusa. Ni ban ce ki shirya da Shi ba, wannan tsakaninku ne. Amma ina zaune kusa da ita kullum, kuma duk da haka tamkar ita kaɗai ce a ɗakin nan.

Allah Ya sanyaya zuciyarki.
Yayarki.

Yaya,

Zan shigo motar safe. Kada ki yi mata alkawarin komai. Jiya na durƙusa, na buɗe baki, duk abin da ya fito faɗa ne, har maƙogwarona ya dishe. Ba a amsa ba.

In ta yarda in yi Masa faɗa a gabanta, to. Shi ke nan abin da nake da shi.

Ki ci gaba da kai cokalin.

Ƙanwarki.