Baba a Ƙarshen Sahu

Zuwa ga Maman Auta,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya jikin Inna? Allah Ya ƙara mata sauƙi, Ya ba ki ladan jinya. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwoyina da 'yarki.

Da likita ya ce in ban motsa jiki ba hawan jinin nan zai kwantar da ni, ke kika ce in shiga ajin karate na Auta. To na shiga, kuma wurinki zan kawo ƙara. Ɗakin nan ne na saman shagon taya, fanka ɗaya da tsagaggen madubi, amma wai sunansa dojo. Ba a shiga da takalmi, kuma sai an ɗan sunkuyar da kai a bakin ƙofa, wai rei. A ciki ita ba Auta ba ce, Sensei ce, wato malama. Sau uku ina kiranta da sunan gida, tana kallon bango kamar ba da ita nake ba.

A ƙarshen sahu aka ajiye ni saboda ɗamarata fara ce, ta sabon shiga. Mai gyaran rediyon layinmu, wanda na koya wa riƙe fensir, shi ne wai senpai, gaba yake da ni. Ƙidaya ma da Japananci: ici, ni, san, shi. Ranar farko na ji tana "ni san shi", na tambaye ta wa ta sani. Aji ya fashe da dariya, ita ko murmushi ba ta yi ba. Duk abin da aka ce maka amsa ɗaya ce, os, ko ka gane ko ba ka gane ba.

Jiya muna seiza, wani durƙuso a kan duga-dugai, an rufe ido an yi shiru, wayata ta yi ƙara. Na ɗauka ke ce, na amsa. Maman Auta, yarinyar nan ta nuna mini ƙofa a gaban mutum ashirin. Ni da na yi shekara talatin ina shugabancin makaranta! Na bar musu abinsu. Tun jiya ba ma magana, ajiye mini abinci da magani take a tebur ta wuce.

Ki gaishe da kowa.

Mijinki,
Baban Auta

Maman Auta,

Bayan gaisuwa, wasiƙarki ta iso, na ji daɗi Inna ta fara tashi zaune. Faɗan da kika yi mini ma na karanta, ban yarda da rabinsa ba.

Ranar Talata na hau benen don kawai in kwaso kayana. Na tarar da wani sabon shiga, ƙato, tsaye kan tabarma da takalminsa. Wai shi ba zai ce wa ƙaramar yarinya Sensei ba, a kira masa namijin da ke koyarwa. Auta ta sake yi masa bayani, muryarta na rawa. Rabona da jin muryarta haka tun tana firamare.

Ban san lokacin da na tuɓe takalmi ba. Na ɗaura farar ɗamarar a kan rigata ta fita, na tsaya a bakin ƙofa na sunkuya, na ɗaga muryar nan da nake tara ɗalibai da ita na ce, "Sensei, onegai shimasu!" Wato ina roƙo a koya mini. Ƙaton ya dubi furfurata, ya dubi ƙafarsa, ya sulale waje ya cire takalmin.

Kin san sakayyata? Cewa ta yi na makara da minti goma, in yi seiza a gefe sai ta ba ni izinin shiga sahu. Sannan ta gyara mini lafazi, wai ba a furta wasalin ƙarshe. Ni, a gaban ƙaton! Na ce os, don doka ba ta san wata amsa ba.

Da aka tashi sai da mutum biyu suka ɗaga ni. A matakala Auta ta riƙe hannuna har ƙasa.

Shekaranjiya likita ya auna ni, jinin ya sauka. Wannan ya fi komai ba ni haushi, don yanzu ba ni da hujjar bari.

Gwajin canjin ɗamara ranar sha biyar ga wata ne. Don Allah ki yi ƙoƙari ki dawo kafin nan. In ta kayar da ni, ina son shaida.

Naki har kullum,
Baban Auta